Tarin da Lauya Ta Ɓoye

Sharaɗi ɗaya Yayata ta kafa mini ranar da ta dawo mini da 'yata. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki, jakar yarinyar na kafaɗarta ko saukewa ba ta yi ba, ta nuna ni da yatsa.

"Ki buɗe kunne ki ji ni. Ranar da na ga kwalbar magani a ɗakin nan, ko babu komai a ciki, ko ki ce mini ta maƙwabta ce, zan ɗauke yarinyar nan. Kuma wannan karon babu dawowa."

Ni da kowa ya san ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba, ranar ban yi gardama ba. To me zan ce? Maganin tari ne ya cinye ni shekara da shekaru, irin mai sa mayen nan. Shi ya raba ni da uban yarinyar. Shi ya sa wata rana Yaya ta zo ta tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana gaigayar busasshen burodi, ni kuwa ina ciki a sheme ban san inda kaina yake ba. Yaya ta riƙe ta duk zaman da na yi a cibiyar masu barin shaye-shaye, ta ci gaba da riƙe ta har na samu aiki na kama ɗaki. Na ce, "Na ji, Yaya." Abin da babu wadda ta lura da shi a cikinmu, yarinyar na jingine da ƙofa, ita ma ta ji.

Lauya muke ce mata. Tun bakinta bai gama buɗewa ba take kawo hujja, in ka ce ta yi wanka sai ta tambaye ka wa ya ce ta yi datti. Amma Lauyar da aka dawo mini da ita ba ta gardama. 'Yar aji uku, sai ka ce baƙuwa. Ta share ɗaki ba a sa ta ba, ta wanke kofinta ta kife. In na dawo daga aiki ta rungume ni ta ɗan daɗe, ni ina ta washe baki, ashe numfashina take shinshinawa. Ranar da na gane haka na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na fito na ce mata sabulu ne ya shigar mini ido.

A shagon wanki da guga nake aiki, teburina na biyu daga taga. Daga safe zuwa la'asar ni da tururi ne da ƙamshin sitati, da rigunan mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba amma na san wanda ke zufa a wuya da wanda ke manta biro a aljihu. Aikin ya karɓe ni, don hannu ba ya zama banza. Matsalar ɗaya ce, hanyar gida ta gaban wani kemis take bi, kuma mai shi ya san ni farin sani.

Duk Laraba in na tashi aiki nakan koma cibiya zaman iyaye. Kujerun roba a da'ira, fanka a sama tana ƙara ba ta ba da iska. Mai jagorantar zaman wata gajeriyar mata ce mai tabarau, a bayan idonta Malama Gobe muke ce mata, don ba ta da zance sai na gaba. Ta ce ciwonmu ɗaya ne, abin da zai sauƙaƙa mana yanzu-yanzu shi muke cafka, ko kwalba ce, ko mari ne a fuskar yaro don ya yi mana shiru. Ta ce kowa ya zaɓi wata rana mai zuwa, shi da ɗansa, ya gina ta a ransa har ya ji ƙamshinta. Ina kuke? Me kuka sa? Wa ke gefenku? In abu ya taso maka, ka shiga ranar nan ka ɗan tsaya, sannan ka dawo ka yanke shawara.

Wani direba da ke zama kusa da ni ya ce, "Malama, ni fa ko abincin anjima ban hango ba, balle wata shekara."

Muka kwashe da dariya, ni har da tafa hannu. A raina na ce wannan mata dai ba ta da aikin yi.

Amma abin ya kama ni. Na zaɓi ranar da Lauya za ta gama firamare. Na ga kaina na goge mata kayan makaranta da hannuna, karin guga a tsaye cak, farar safa, baƙin takalmi yana sheƙi. Ina zaune a layi na biyu ƙarƙashin rumfa, Yaya na gefena tana fifita, an kira yarinya ta miƙe, dole Yaya ta juyo ta ce mini, "Kin yi ƙoƙari." Wallahi ya yi aiki. In na iso gaban kemis sai in shige rumfar nan, kafin in fito na sha kwana. Ranar da Lauya ta ƙona mini mayafi wai tana taya ni guga, hannuna ya tashi sama, na ga rumfa, na sauke shi. Na fara ji da kaina, har ina ba sababbin zuwa shawara.

Sai tari ya zo. Ba tarin na fara ji ba ma, ƙarar kujera na fara ji. Muna da wata kujerar ƙarfe guda ɗaya da Lauya ke zama a kai ta yi aikin gida. Haka kawai sai ta ja ta ƙiii a kan siminti, har haƙorana su amsa. Na yi mata tsawa, ta ce in yi haƙuri, an jima ta sake. Sai kuma famfo, ta shiga banɗaki ta sakar wa bokiti ruwa ta daɗe a ciki. Sai murfin tukunya ya riƙa suɓuce mata. Rannan da safe ina ɗaura ɗankwali na hango ta ta madubi. Ta cusa fuska a gwiwar hannu, kafaɗunta na girgiza, ƙafarta na jan kujera daidai lokacin. Tari take yi, tana binne shi da ƙara.

Da idona na gani. Na ƙarasa ɗaurina, na gyara shi ta baya, na ce, "Yi sauri, za ki makara."

Na ce wa kaina mura ce, za ta wuce. Na riƙa dafa mata ruwan zafi da zuma in ce don sanyin safiya, ta sha ta ce ta gode, babu mai ambaton tari. Ita ta ja kujera, ni in ƙara muryar rediyo. Don abin da ta sani ni ma na sani: tari asibiti ne, asibiti kwalba ne, kwalba kuma Yaya ce. Duk sanda zuciyata ta ce kai yarinyar nan a duba ta, sai in ruga rumfata in ga farar safa, in ce ai don ranar nan nake kiyayewa. Kun ji rashin kunya? Abin da aka ba ni don in zama uwa, shi na mayar wurin ɓuya.

In Yaya ta bugo waya ƙarshen mako, Lauya ta riƙe numfashi ta ce, "Lafiya lau, Anti. Ina karatu, Anti." Ta miƙo mini wayar ta yi banɗaki da gudu. Ina jin ruwa na zuba a bokiti ina ce wa Yaya, "Kin san ta da wasa, ta fita."

Mako ya zagayo, ya sake zagayowa. Ta fara rage abinci. Da yamma in na taɓa wuyanta da sunan gyara mata riga sai in ji ɗumi, in janye hannu kamar na taɓa dutsen guga.

Larabar nan Malama Gobe ta ce kowa ya ba da labarin ranarsa. Da aka zo kaina na gyara zama na zuba, ban bar ko igiyar takalmi ba. Ta saurara har na gama, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Ranar ta yi kyau. Me Lauya ta ce miki a ciki?"

"Kamar yaya?"

"Na ji rigarta, na ji safarta, na ji abin da Yayarki ta ce. Ita fa?"

Sai a lokacin na lura. Duk shigar da nake yi rumfar nan yarinyar ba ta taɓa magana ba, tsayawa kawai take a goge. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ne ke fara sani.

"Haba Malama! Ke kika ce mu zaɓi rana, na zaɓa, yanzu kuma maki za ki ba ni?"

"Ba maki ba ne. Ajiye wannan tukuna, tana nan ba za ta gudu ba. Ɗauko mini wata ranar da ba kowa, ba rumfa, ba 'yan kallo. Lauya ta girma, tana wani gari tana karatu ko aiki, ita kaɗai a ɗakinta. Zazzaɓi ya rufe ta. Rufe idonki. Wayarta na ina?"

Na rufe don a rabu lafiya. Na ce, "Gefen filo."

"Ta ɗauka. Wa ta kira?"

Ban so gani ba, amma na gani. Doguwa ce, ta ɗauko tsayin ubanta. Ɗakin ƙarami, labule shuɗi, kofin shayi ya huce a ƙasa kusa da katifa. Ta lalubo lambata, ga "Mama" a rubuce, ta tsaya tana kallo. Da Yaya ta kira ma da na ji sauƙi, in ce ko ba ni ba tana da wani. Ba ta kira kowa ba. Ta kife wayar ta ja bargo har ka. Ba don ta tsane ni ba, a'a, don kada ta ɗaga mini hankali ne. Ta saba, ni na koya mata.

Na miƙe har kujerar ta faɗi baya. Direban nan ya ce, "Subhanallahi, lafiya?"

"Yarinyata ba ta da lafiya."

Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina. Malama ta ce, "Tun yaushe?" Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauko jakata daga ƙasa ta miƙo mini.

"Je ki. Ki gaya wa likita komai, har da naki."

Na tarar da Lauya kwance a katifa da kayan makaranta a jikinta. Tana jin motsin ƙofa ta zabura ta rarumi tsintsiya.

"Ajiye tsintsiyar nan. Sa takalmi, asibiti za mu."

"Mama, lafiyata ƙalau."

"Sa takalmi na ce."

Sai ga Lauyar da na sani ta dawo, a ranar da ban shirya mata ba. Ta riƙe ƙugu, idonta ja wur don zazzaɓi, ta ce, "Wa ya ce ba ni da lafiya? Kin taɓa jin na yi tari?"

"Na ji. Tun farko na ji."

Ta saki tsintsiyar. Ta dube ni ido cikin ido.

"To me ya sa ba ki ce komai ba?"

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Tsoro na ji. Laifina ne, ba naki ba."

"In aka ba mu kwalba Anti za ta tafi da ni."

"Wannan tsakanina da Yayata ne, babu ruwanki a ciki. Ke dai sa takalmi."

Ta fashe da kuka, kukan ya jawo tarin, ya fito daga can ƙasan ƙirji yana ƙara kamar ana jan buhu a tsakuwa. Na riƙe ta har ya lafa, na sa mata takalmin da kaina.

Likitan matashi ne, gajiya duk ta bayyana a fuskarsa. Ya ɗora abin sauraro a bayanta, ya ce ta ja numfashi, ya matsa, ya sake cewa ta ja. Ya tambaye ni tun yaushe, na gaya masa. Ya ɗago ya dube ni ta saman takarda.

"Kuna ina duk wannan lokacin? Ya sauka ƙirji. Da kun ƙara kwana biyu sai dai a ba ta gado."

Na shanye, don na cancanci fiye da haka. Na ce, "Likita, ni maganin tari na daɗe ina sha, ban jima da bari ba. Don Allah ka rubuta mata na haɗiya, kada ka ba mu na ruwa."

Muryarsa ta ɗan sauka. Ya ce wanda zai rubuta ba ya sa maye ko kaɗan, na kashe cutar ne. Ya juya wajen Lauya ya ce, "'Yan mata, kina iya haɗiye ƙwaya?"

Ta girgiza kai. "Amai nake yi. Anti ta gwada sau da yawa, har a cikin ayaba."

Ban sani ba. 'Yar da na haifa, sai a gaban baƙo nake jin abin da maƙogwaronta ke karɓa da wanda ba ya karɓa. Likita ya rubuta na ruwa, cokali safe da rana da yamma, ya ce kada mu tsallake ko sau ɗaya.

A tagar ba da magani aka miƙo mini maganin cikin leda. Kwalba ruwan ƙasa, mai farin murfi. Tafin hannuna ya gane nauyinta kafin idona ya karanta rubutun, har yawu ya taru a bakina. Na ji kunyar kaina kamar in nutse. Na zaunar da Lauya a benci, na matsa gefe na kira Yaya tun kafin zuciyata ta kawo mini wata dabara.

"Yaya, akwai kwalba a hannuna, yanzu zan shiga da ita ɗaki. Ki zo ki gani da idonki."

Ko shayin da na haɗa wa Lauya bai huce ba Yaya ta faɗo ɗakin, ko sallama a tsaye ta yi ta. Ta ɗauki kwalbar ta karanta gaba da baya, ta buɗe ta shinshina, ta duba takardar likita. Ta taɓa goshin yarinyar. Sannan ta yi tambayar da nake jira.

"Tun yaushe take tarin nan?"

Kafin in motsa baki Lauya ta ce, "Jiya ya fara, Anti."

Wayyo Allah. Yarinya na numfashi da ƙyar tana yi mini ƙarya don ta rufa mini asiri. Da na yi shiru da ta wuce, don Yaya har ta fara gyaɗa kai.

Na ce, "Ba gaskiya ba ne, ni take karewa. Ya fi mako biyu. Ina ji na yi kamar ban ji ba."

Yaya ta wanke ni tas. Ta ce da shan da rashin shan duk ɗaya ne a wurina, ta ce wadda ta bar yarinya da yunwa ita ce dai ta bar ta da ciwo, kaya kawai ta sauya. Babu wadda na musa. Da ta gaji ta juya ta ce wa Lauya, "Tashi ki haɗa kayanki."

Lauya ba ta tashi ba. Ta damƙe gefen katifa da hannu biyu.

"Anti, ke kika ce in kin ga kwalba za ki tafi da ni. Shi ya sa na ƙi yin tarin."

Yaya ta dubi yarinyar, ta dubi kwalbar da ke hannunta, ta nemi wuri ta zauna a hankali. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ni na faɗa. Da bakina."

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba. "Ta zauna har maganin ya ƙare. Ranar zan zo mu koma wurin likitan tare, in ji daga bakinsa. Kada ki ɗauka na yafe miki."

"Ban nema ba, Yaya."

Washegari da safe na miƙa hannu kan kantar da nake jera kaya na ɗauko kwalbar don in ba ta cokalin safe, sai na ji wani abu a ƙarƙashin yatsuna. Robar ɗaure gashi ce, 'yar ja, an zagaye kwalbar da ita daidai inda maganin ya tsaya, ba sama ba ƙasa. Na waiga. Lauya na kwance ta yi lamo, idonta a kaina, jelar kitsonta ɗaya ta warware.

Na gane, alama ta sa don ta san ko na sha. Ni za a yi wa awo? Bayan duk abin da na yi jiya, bayan na tsaya an zage ni tas ban ce uffan ba? Maganar har ta hau kan harshena, da zafinta. Na tsaya da kwalba a hannu har ta sauka. Yarinyar ba ta ƙirƙiro tsoron nan ba, a ɗakina ta tsince shi.

Na girgiza maganin, na cika cokali, ta buɗe baki ta shanye tana yamutsa fuska. Na rufe kwalbar na miƙa mata.

"Gyara robarki."

Ta sunkuyar da kai. "Mama, ado ne kawai na sa mata."

"Na san ko mene ne. Gyara. Kuma duk sanda na ba ki, ki gyara a gabana, ba sai na juya baya ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga kwalbar saitin hasken taga, ta jira kumfar ta kwanta, ta tura robar ƙasa da farcen babban yatsa, kaɗan-kaɗan, har ta zauna daidai. Ta sake dubawa ta ɗaya gefen.

"Har yaushe zan riƙa sawa?"

"Har ranar da kika gaji don kanki. Ni dai ba zan cire ba."

Ta miƙo mini. Na matsar da gwangwanin sukari na ajiye kwalbar a bakin kantar, inda za ta iya hango ta daga katifa, sannan na kira mai shago na ce masa yau ba zan samu zuwa ba, 'yata ba ta da lafiya.